Kafin Ka Kama Zauren Taro: Amsa ga Marubucin Littafin Yaƙi daga Masanawa

Tambaya: Ni matashi ne daga Masanawa a ƙaramar hukumar Kabo. Na kammala rubuta littafina na farko, labarin yaƙi ne mai aljanu da matsafa da sadaukai, kuma ni zan buga abina da ɗan abin da na tara a noman rani. Abokaina sun ce in kama zaure a Gwarzo, in gayyato shugaban ƙaramar hukuma da 'yan majalisa a yi ƙaddamarwa, wai a nan ake mayar da kuɗi. To abin hannuna ba zai ishi bugu da taro gaba ɗaya ba. Wanne zan sa a gaba?

Amsa: Allah ya sa wa alƙalaminka albarka. Ka sa bugu a gaba, taro ya biyo baya, kuma idan ya zo kada ya zama irin wanda abokanka suke hango maka.

Ƙaddamarwar da muka saba gani a ƙasar nan hanyar tara gudummawa ce. A kira babban mai ƙaddamarwa, da uban taro, da mai sharhi, maroƙi ya riƙe lasifika, attajiri ya tashi ya ce ya sayi kwafi biyar a kan kuɗi masu kauri, a yi tafi. Wannan tsari yana yi wa littafin tarihin basarake ko na ɗan siyasa aiki, domin masu bayar da kuɗin mai tarihin suke girmamawa, kuma suna son a ga sun girmama shi. Kai fa? Jarumin littafinka ba shi da sarauta a Kano, ba ya raba kwangila, babu wanda zai ji kunyarsa. Babban mutumin da ka gayyata zai iya turo wakili, wakilin ya yi alkawari a bainar jama'a, sannan ka shiga sintiri tsakanin Masanawa da ofishinsa har kuɗin mota su cinye rabin abin da aka ambata, in ma an ba ka. Kafin nan ka riga ka biya zaure da kujeru da janareta da lemo da katin gayyata. Abin da ya fi ciwo shi ne kwafin da aka saya a irin wannan taro yawanci a bayan mota yake ƙarewa. Babu wanda ya karanta, balle ya ba wani labari.

Mai karatunka yana wani wuri dabam. Ɗan sakandare ne da yake ɓoye littafi a cikin na darasi, da tela mai jiran wuta ta dawo, da yaron shago, da matar aure da ta gama aikin gida, da direban da yake jiran layi a tashar Gwarzo. Waɗannan ba sa zuwa zauren taro, kuma ba sa sayen littafi don an yabi marubucinsa. Abin da yake sa su saya guda ɗaya ne: wani ya tsakura musu labarin, ya tsaya a inda rai ke son ƙari.

Saboda haka ka fara da kunne. Littafin yaƙi ya fi kowane irin littafi daɗin ji, domin jikan tatsuniya ne, kuma kirari da kururuwar sadaukai a baki suka fi armashi. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Da yawa sun san littattafan Hausa ne ta shirin Shafa Labari Shuni na Rediyon Tarayya na Kaduna tun kafin su riƙe su a hannu. Yau rediyon yana aljihunka. Ka zaɓi babi biyu ko uku na farko, ka sami ɗaki marar hayaniya da dare, ka karanta a waya. Idan muryarka ba ta da kaifi, kada ka yi wa littafin rowa, ka nemi abokin da ya iya jan labari. Ka yanka karatun gajere-gajere yadda ba zai ci data ba, kowane yanki ya ƙare a kan gaɓa, a farko da ƙarshe a faɗi sunan littafi da naka da inda za a same shi. Ka zuba a WhatsApp da Facebook da TikTok. Sannan ka taka da ƙafarka zuwa wurin masu shagon caji da turi a Kabo da Garo da Gwarzo da Getso, ka ba su kyauta su riƙa haɗa wa mutane da finafinan da suke tura musu. Su ne masu rarraba labari na gaskiya a karkara yanzu, kuma a can abokan gasarka suke, wato fassarar Algaita da finafinai masu dogon zango irin su Izzar So. Da su kake rabon lokacin mai karatu, ba da wani marubuci ba.

Game da YouTube, ka buɗe tasha in kana so, amma kada ka ƙirga kuɗinta a lissafinka. Kafin a fara ba ka kason talla a kan dogayen bidiyo sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. In kuma wata tasha mai karanta littattafai ta nemi naka, ku yi yarjejeniya a rubuce: babi nawa za a karanta, nawa za a ba ka, kuma yaushe. Wanda ya saurari littafi daga farko har ƙarshe kyauta da wuya ya saye shi.

Akwai maganar da na san za ka ji a gida, in ma ba ka riga ka ji ba: wai wannan ai ƙarya ce da shirme, me ya sa ba ka rubuta abin da zai amfani jama'a ba? Ka riƙe amsarka. A gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifi ƙagaggun littattafan Hausa na farko a boko, akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, labarin tafiya neman ruwan magani har ƙasar aljanu, akwai Ganɗoki na Bello Kagara, wanda jaruminsa ya gwabza da mutane ya gwabza da aljanu. A cikin wannan rukuni kuma akwai Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Ka ga ke nan sunan yankinku yana cikin littattafan farko-farko. Bayansu Ahmadu Ingawa ya yi Iliya Ɗan Maiƙarfi, Umaru Dembo ya kai mu sararin sama a Tauraruwa Mai Wutsiya, a zamanin adabin kasuwar Kano kuma Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih suka tara matasa masu jiran fitowar littattafansu. Ba baƙon abu ka ɗauko ba. Wannan tarihi jari ne a hannunka idan za ka yi magana da malaman Hausa na makarantun yankinku, domin yawancinsu sun karanta waɗancan littattafai, wasu ma sun koyar da su.

Amma fa a nan akwai wurin taka-tsantsan. Labarin da ke da boka da tsafi da gunki yana tafiya ne a bakin iyakar abin da jama'armu ba sa wasa da shi. Kafin ka kai wa maɗaba'a, ka ba wani malami da ka yarda da iliminsa, wanda kuma ba ya ƙyamar ƙagaggen labari, ya karanta maka. Ba tauhidin jaruminka za a yi wa jarrabawa ba. Abin dubawa shi ne kada ka sa aya ko sunan Allah a bakin matsafi, kada ka siffanta tsafi dalla-dalla kamar mai koyarwa, kada ka ɗauki sunan gari ko gidan sarauta na gaske ka jingina masa bautar gunki. Jimla ɗaya da aka ɗauki hotonta aka watsa ba tare da abin da ya gabace ta ba ta isa ta rufe maka kasuwa, kuma kai a ƙauye kake, inda kowa ya san gidanku. Ka tuna kuma Jihar Kano tana da Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i tun 2001, ikonta ya shafi littattafai, har an yi takaddama mai zafi tsakaninta da marubuta a 2008 kan rajista. Ka je reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, wato ANA, ka tambayi yadda ƙa'idar take a yanzu kafin ka zuba kuɗinka a takarda. Zuwan zai yi maka amfani biyu, domin suna zaman karatu inda marubuci ke karanta aikinsa a yi masa gyara, kuma gara ka sha suka a can da ka sha ta bayan an buga.

Lambar ISBN a Laburaren Ƙasa ake samunta, doka kuma ta ce mai bugu mai zaman kansa ya ajiye musu kwafi 3. Ka yi, ba shi da wahala, kuma shaida ce a hannunka ranar da wani ya ce labarin nasa ne.

Sai babbar cutar littattafan yaƙi: na ɗaya ya fito, na biyu ya ɓata. Masu karatu sun sha wannan har sun koyi wayo, da yawa ba sa taɓa littafi sai sun ga ƙarshensa a kan tebur. In labarinka kashi uku ne, kada ka sanar da ranar fitowa sai ukun sun kammala a rubuce, an gyara su. In kuɗi ba su isa a buga duka ba, ka buga na ɗaya, ka rubuta watan fitowar na biyu a shafin ƙarshe, ka kuma cika. Kuɗin da na ɗaya ya kawo na na biyu ne. Ba na ɗinkin Sallah ba ne, ba na sabuwar waya ba.

Wajen bugu, kada mai maɗaba'a ya ruɗe ka da cewa in ka buga da yawa kowane kwafi zai fi sauƙi. Gaskiya ya faɗa, amma sauƙin kwafin da yake jibge a ƙarƙashin gado gara na cin sa ba sauƙi ba ne. Ka fara da kaɗan ta injin da yake bugawa kai tsaye daga kwamfuta, ka ga yadda kasuwa ta karɓa, sannan ka yi farantin bugu ka buga mai yawa. Mafi kyau ma, tun ana sauraron muryar nan ka buɗe rajistar masu so: wanda ya biya kafin fitowa a rage masa wani abu, a kuma sa masa hannu a kwafinsa. Yawan waɗanda suka biya shi zai gaya maka adadin da za ka buga, ba yawan masu cewa “Allah ya sa albarka” a ƙarƙashin hoto ba. Wurin da ban yarda ka yi tsumulmula ba shi ne bango. Mai sayen littafin yaƙi da ido yake fara saye. Ka biya mai zane ya karanta babi ɗaya ya zana maka jaruminka da kayan yaƙin ƙasar nan, sulke da lifidi da kwalkwali da kansakali, maimakon ɗauko hoton wani Bature mai takobi daga intanet, wanda ba naka ba ne kuma littafi goma sun riga ka amfani da shi.

Idan ka kai wa masu sayar da littattafai a Kasuwar Kurmi ko bakin Bata, yawanci za su karɓa ne a kan sai an sayar. Ka rubuta adadi da farashi da ranar komowa, ku sa hannu ku biyu, kuma kada ka zube duk kayanka a hannun mutum ɗaya. Su ma 'yan teburin da ke bin kasuwannin ƙauye ka ba su kaɗan-kaɗan. Sayarwa ta waya kuwa tana da riba, tana da haɗari: ranar da ka tura wa mutum ɗaya cikakken littafi a fayil, ka ɗauka ka tura wa duniya. Gara ka buɗe rufaffen zauren WhatsApp na waɗanda suka biya kana sakin babi-babi, ko ka sa a manhaja irin ArewaBooks. Ko a nan ka riƙe asalin rubutunka da lambobin masu karatunka a wurinka, domin OkadaBooks da marubuta da yawa suka dogara da ita ta rufe a ƙarshen 2023.

To, yanzu taron. Ka yi shi, domin littafin farko ya cancanci a yi murnarsa, iyayenka ma suna da hakkin su ga ranar. Amma ka yi shi a gida, a harabar makaranta bayan an tashi, da izinin shugabanta, da yamma bayan la'asar. Ka je da kanka ka gaida mai gari da liman ka sanar da su, ka kai musu kwafi. Albarkarsu kake nema, ba kuɗinsu ba. Malamin Hausa ya yi sharhi na minti goma, mai daɗin murya ya karanta fage guda na gumurzu, a yi wa ɗalibai kacici-kacici a kan abin da suka saurara a waya, wanda ya ci a ba shi kwafi. Tebur yana gefe, littafi a farashinsa na kasuwa, da canji a hannu. In wani mai hali ya zo ya ce zai taimaka, ka roƙe shi ya sayi kwafi ya raba wa makarantun Kabo da Gwarzo da sunansa a jiki. Shi ya sami yabo, kai ka sami masu karatu. Wani ya ɗauki taron a waya, washegari ka watsa.

Lokaci kuma ka zaɓe shi da hankalin manomi, tunda kai ma shi ne. Da damina kuɗi suna gona, mutane ma suna can. Da azumi babu mai neman labarin matsafa. Lokacin jarrabawa iyaye za su ga littafinka a matsayin abokin gaba. Ka nufi bayan kaka, amfanin gona ya shigo gida, dare ya yi tsawo, ɗalibai na shirin hutu. Ka ƙirga wata biyu baya daga ranar da ka tsayar, a nan za ka saki murya ta farko. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, ta dace da fitar da hoton bango da sunan littafi, tunda a ranar idon masu son harshen yana kan intanet.

Kuɗin zauren Gwarzo kuwa ka raba su biyu: rabi ga mai zanen bango da wanda zai gyara maka ƙa'idojin rubutu, rabi ka ajiye wa littafi na biyu. Idan ka ɗauki muryar babin farko, ka turo mini in saurara.