Yadda Ake Gano Toshewar Jijiyoyin Jini na Ƙafa

Manomi zai shigo asibitin sha-ka-tafi a Kaugama ya ce, "Likita, sanyi ne ya kama min ƙafa." Kada ka miƙa masa ƙwaya ya tafi, musamman in ya manyanta, yana shan taba, ko yana da ciwon sukari ko hawan jini.

Fara da tambaya. Shin in ya kama hanyar fadama sharaɓarsa na ɗaurewa, in ya tsaya 'yan mintoci ta saki, in ya ci gaba ta sake ɗaurewa? Wannan alamar jini ba ya isa ce. In kuwa ciwon yatsu na tashinsa cikin dare har sai ya sauko da ƙafar daga gado, abin ya yi nisa.

Sai ya cire takalma duka biyu, a wanke taɓon. Duba tsakanin yatsu, da dunduniya inda faso ke ɓoye gyambo. Ga mata, lalle kan rufe launin tafin ƙafa, don haka taɓawa ta fi kallo: sa bayan hannunka ka gwada ɗumin wannan ƙafa da waccan.

Nemi bugun jini a wuri huɗu: inda cinya ta haɗu da mara, bayan gwiwa, bayan idon sawu ta ciki, da saman ƙafa. Na bayan gwiwa yana da wuyar samu ko ga mai lafiya.

Ɗaga ƙafafunsa sama minti 2 yana kwance rigingine. In tafin ɗaya ya koɗe, can matsalar take.

In akwai na'urar Dofla, bari ya huta minti 10, ka auna jini a hannaye biyu da idon sawu biyu. Raba awon sama na idon sawu da mafi girma na hannu. Daga 1.0 zuwa 1.4 lafiya lau, 0.9 zuwa ƙasa akwai toshewa. Sama da 1.4 jijiyar ce ta ƙandare, kamar yadda ake gani ga masu sukari, kada awon ya ruɗe ka.

Mai gyambo ko ciwon dare, tura shi Babban Asibitin Haɗejiya. Ƙafar da ta yi sanyi farat ɗaya, ta mutu, ga azaba, ba ta jiran wayewar gari, domin bayan awa 6 ceto ta kan yi wuya. A nemi mota nan take, kuma kada a bari wanzami ya tsaga ta ko a gasa ta a wuta.