Wa Zai Kula da Duwatsun Birnin Kudu?

Ran da malaminmu na tarihi ya tambaye mu aikin da kowa yake so ya yi in ya gama karatu, kusan duk aji likita ne da injiniya da lauya. Ni kaɗai na ce ma'aikacin gidan tarihi, aka kuwa fashe da dariya. Da na je hutu Gwaram na faɗa wa Baba, sai ya ce, "Watau gadin tsofaffin tukwane za ka yi?" Saboda haka na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu ɗan bayani.

A nan Birnin Kudu akwai Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, inda mutanen dā suka zana shanu a jikin dutse. Abin mamaki, shanun nan ba su da tozo, alhali kuwa namu na yanzu duk da tozonsu. Ashe ke nan wani irin shanu dabam aka yi kiwo a ƙasar nan kafin namu. Akwai kuma duwatsun da in an buga suke ƙara kamar kuge. Wani Bature, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya zo ya yi nazarinsu a shekarun 1950, ya rubuta su har duniya ta sani. Mu kuwa da ke kwana kusa da su, da yawanmu ba mu taɓa zuwa ba.

Aikin nan ba gadi ba ne, ilmi yake bukata. Mai so sai ya dage da tarihi da labarin ƙasa, kada kuma ya guje wa kimiyya, domin adana kaya sai da sanin sinadarai. Ku dubi kwalekwalen Dufuna na Jihar Yobe, wanda wani Bafulatani ya gano a 1987 yana haƙa rijiya. Ya yi shekara wajen 8,000 a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Irin wannan itace in aka bar shi ya bushe haka nan sai ya tsattsage, dole a sa masa magani a hankali.

Bayan sakandare ana karanta ilmin tono kayan tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a kuma ƙaro horo kan aikin gidajen tarihi a Jos. Daga nan mutum yana iya koyarwa a jami'a, ko ya yi aiki da hukumar ƙasa mai kula da gidajen tarihi, wadda aka kafa a 1979, a wurare irin su Gidan Makama na Kano.

Gaskiya ba aikin tara dukiya ba ne, kuma ban ɓoye wa Baba haka ba. Amma da muka je Dutsen Mesa na ga zanen ya dusashe, sai ka ƙura ido kafin ka gane ƙahon saniya, ga kuma wani ya rubuta sunansa da gawayi a kan dutsen da ke gefe. Hutu mai zuwa Baba ya yi alkawari za mu je tare ya gani da idonsa.