Darasin Lafiya: Shanyewar Ɓarin Jiki da Aikin Ɗalibin Jinya

Mu da muke koyon aikin jinya, tuni mutanen unguwa suka ɗauke mu likitoci. Idan bakin dattijo ya karkace da asuba, ƙofarmu za a fara ƙwanƙwasawa kafin a tuna da asibiti. Saboda haka dole mu san wannan ciwo sosai.

Shanyewar ɓarin jiki daga ƙwaƙwalwa take tasowa, ko da yake mutane da yawa suna cewa iska ce ta buge mutum. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe. Binciken SIREN da aka yi a Nijeriya da Ghana, wanda ya fito a 2018, ya nuna cewa wajen kashi 32 cikin 100 na masu ciwon, fashewar jijiya ce ta same su, kuma hawan jini ne babban sanadi.

Alamun farat ɗaya suke zuwa. Mu ce wa mutumin ya yi murmushi, mu duba ko gefe ɗaya na fuskar ya zube. Mu ce ya ɗaga hannu biyu, mu ga ko ɗaya yana sauka da kansa. Mu sa ya faɗi sunansa da na garinsu, mu ji ko harshe ya yi nauyi. Alama ɗaya ma ta isa. Wani kuma da jiri, ko dishi-dishin gani, ko matsanancin ciwon kai take fara masa.

Sai tambayar da aka fi mantawa: yaushe ne ƙarshen ganinsa lafiya lau? Mu rubuta lokacin. Idan da ciwon ya farka, lokacin da ya kwanta barci za mu rubuta. Allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na CT tukuna. Don haka asibitin da ke da wannan na'ura za a nufa kai tsaye, ba kemis ba.

Kafin mota ta zo, in hankalinsa ya gushe ko yana amai, mu kwantar da shi ta gefe. Mu auna sukarin jininsa, domin faɗuwar sukari tana kama da wannan ciwo ƙwarai. 'Yan'uwa za su kawo ruwa ko koko don tausayi. Mu hana su da ladabi, gama haɗiya takan lalace, abincin ya bi ta huhu. Kada mu ba da asfirin, domin in jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jini. Kada kuma mu yi gaggawar saukar da hawan jini. Wannan hukuncin likita ne.

In alamun sun wuce bayan minti goma, duk da haka a tafi asibiti a ranar, domin babban ciwon yakan biyo baya cikin 'yan kwanaki. Yara masu sikila ma yana kama su, gwajin kuwa ɗaya ne.