Ƙiba, Rama da Lafiyar 'Yan Makaranta

Iyaye da malamai, wannan darasi ya shafi yaran da suke shiga balaga. A yarinya canjin jiki yakan fara tsakanin shekara 8 zuwa 13, a yaro kuma tsakanin 9 zuwa 14. Ƙugun yarinya yakan buɗe, kitse ya ƙaru, ta fara jinin al'ada. Yaro yakan yi tsawo ya zama siriri kafin jikinsa ya cika. Wannan ba ciwo ba ne, girma ne, kuma kowa da lokacinsa.

A makaranta kuwa ba'a ba ta jira. A kira wannan tsinke, a kira waccan buhun gero. Mai faɗa ya manta, wanda aka faɗa wa ya kwana da maganar. Daga nan yakan bi ɗaya cikin hanyoyi biyu, dukansu da haɗari.

Hanya ta fari: neman ƙiba da ƙwaya

A wurarenmu wannan ce muka fi gani. Yarinya takan sayi ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe a kasuwa. Wata tana ɗauke da siproheptadin, maganin ƙaiƙayi ne mai buɗe ciki, yana kuma sa barci a aji. Wata tana da deksametazon, mai ƙarfi ƙwarai. Shi yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, har a ce yarinya ta yi kyau, alhali kumburi ne. Idan aka daɗe ana sha, yana kawo hawan jini da ciwon sukari, ya raunana ƙashi, ya tsayar da girma, ya rage ƙarfin jiki na yaƙi da cuta. Wadda ta yi makonni tana shansa kada ta daina rana ɗaya, gama jiki zai iya faɗuwa. Ku kawo ta asibiti tare da kwalin, a rage mata shi kaɗan-kaɗan.

Hanya ta biyu: gudun abinci

Waɗansu suna ganin hotuna a waya su so su rame. Sai yarinya ta ƙi karyawa, ta ce ta ci a makaranta, ko ta ci ta je ta jawo amai, ko ta sha maganin zawo. Likitoci suna kiran ƙin ci anoreksiya, ci da amayarwa kuma bulimiya. Ba taurin kai ba ne, ciwo ne, kuma yana iya kashewa. Amai na kullum yana cinye haƙora, yana zubar da gishirin jikin da zuciya take aiki da shi. Yara maza ma suna kamuwa.

Alamun da za ku lura

1. Rama ko kumburin fuska cikin ɗan lokaci.
2. Ɓoye abinci, ko tashi zuwa bayan gida da zarar an gama ci.
3. Jiri, jin sanyi kullum, zubar gashi.
4. Ɗaukewar al'ada.
5. Yawan kushe jikinta, da ƙin zuwa makaranta.

Abin da za a yi

Ku daina yi wa yaro laƙabi da jikinsa, ko da wasa. Kada ku gwada shi da yayarsa ko ɗan maƙwabta. Ku yaba masa a kan aikinsa da halinsa. A ci abinci tare aƙalla sau ɗaya a rana, kada kuma ya tafi makaranta da ciki wofi: ko koko da ƙosai ya isa. Wake, gyaɗa, zogale, ƙwai, kifi da hanta suna gina jiki, suna mayar da jinin da yarinya take zubarwa kowane wata.

Malamai, ku tsawata wa masu ba'a a gaban aji. Uwa, idan kin ga alama, ki zauna da ita ku biyu, ki ce, “'Yata, me yake damunki?” Ban da duka, ban da ɗura. Rama kuma tana iya zama daga tsutsar ciki ko tarin fuka, saboda haka a zo a gwada. Idan ta suma, ko zuciyarta tana bugawa ba daidai ba, a kawo ta ranar nan.

Tambayoyi don tattaunawa

Waɗanne sunaye ake kiran yara da su a unguwarku? Wa zai fara hana su?