Kafin Ka Faɗa Ruwa Ceton Ɗan Uwanka

Aikina koyar da nutso ne da ceto a ruwa, irin nutson da ake yi da tukunyar iska goye a baya. A inda ake wannan don shaƙatawa, kamar gaɓar Bahar Maliya a Masar, ƙungiyoyi irin su PADI suna da darasin ceto na musamman, kuma abin da ake fara cusa wa ɗalibi shi ne kada mai ceto ya zama gawa ta biyu. Mu a Darini ba mu da teku, amma ga kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini, ga rafukan da ke cika su batse da damina, ga madatsar Zobe a Dutsin-Ma, ga ta Jibiya. Ruwan da bai wuce ƙugun babba ba ya isa ya ci yaro.

Samarinmu ba su rasa zuciya ba. Da an ce yaro ya faɗa, sai ka ga wani ya yi tsalle ko riga bai tuɓe ba. Abin da bai sani ba, wanda ruwa ke ci ba ya cikin hayyacinsa. Duk abin da hannunsa ya taɓa hawa zai yi ya danna shi ƙasa, ko da mahaifinsa ne. A wurin horo nakan sa ƙaramin ɗalibi ya yi kamar ya firgita, in tura masa ƙato. Kafin ka ce kwabo ƙaramin ya ɗare kafaɗarsa, ƙaton yana kwankwaɗar ruwa. Daga nan suke yarda a koya musu tsayawa nesa, da yi wa mutum magana, da zagayowa ta bayansa. In ya riƙe ka, ka nutse ƙasa. Sama yake nema, zai sake ka. Masu tukunyar iska kuma bakin tukunyar wanda ya firgita suke kamawa ta baya, su hura masa rigarsa, su kwance masa ɗamarar dalma.

Kada iyaye su jira jin ihu. Mai nutsewa ba shi da numfashin kira. Kansa a karkace baya, baki yana shiga yana fita, hannuwa suna dukan ruwa, kuma sau da yawa ba ya kai minti ɗaya a haka.

Ni a ganina ceton da ya fi shi ne wanda ka yi ƙafarka tana tudu. Miƙa doguwar sanda, ko ka jefa jarka mai lita 20 wadda ba komai a ciki, a rufe gam, ɗaure da igiyar guga. Masuntan Argungu sun daɗe suna shawagi a kan gora. Dabarar ɗaya ce.

Abin da ya fi ci mini rai yana faruwa ne bayan an fito da mutum. A ɗaga yaro ta ƙafa, a danna masa ciki wai ruwa ya fita, lokaci yana ta tafiya. Iska yake bukata, domin ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 in babu ita. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, in ba ya numfashi a toshe hancinsa a hura masa baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, don huhu kan iya rikicewa bayan sa'o'i.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa ya ci mutum kusan 300,000 a 2021. A ƙarshen Nuwamban 2021 ɗin jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, aka rasa aƙalla mutum 29, galibi ɗaliban Islamiyya. A irin wannan rana waɗanda ke bakin ruwa su ne masu ceto, tun kafin motar hukuma ta iso. Don haka nake roƙon iyayenmu dagatai da masu unguwanni na Batsari da Safana, kafin ruwan bana ya sauka, su tara samari da malaman makarantun allo a nuna musu wannan da hannu, a kuma rataye jarka da igiya a bakin kowane kududdufi da yara ke wanka.