Darasi Daga Gareji: Yadda Ake Sa Sifika a Ƙofar Tsohuwar Mota

Gabatarwa

Harshen Zaar na tashi da shi, Hausa kuwa a makaranta da kasuwa na koye ta. Da malaminmu ya ba mu aikin tattaro kalmomin wata sana'a, sai na bi kawuna wajen wani rewaya kusa da kasuwar Muda Lawal a Bauchi. Kawu na haya da tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975. Fasinjoji sun dame shi cewa rediyonsa ba ya fita, don haka ya sayo sifika biyu a sa masa a ƙofofin gaba.

Matakan Aikin

1. A fara cire wayar kan batir mai alamar ɗebewa. Batirin mota bolt 12 ne, in wayoyi suka haɗu fis na iya ƙonewa.
2. A cire hannun ɗaga gilashi da na buɗe ƙofa, sannan a ɓalle marfin cikin ƙofar a hankali da sukundireba, domin na tsohuwar mota saurin karyewa gare shi.
3. A sauke gilashi ƙasa gaba ɗaya, a auna zurfin wurin kafin a yanka rami.
4. A bi da waya ta cikin roba tsakanin ƙofa da jikin mota, don kada buɗewa da rufewa su tsinke ta.
5. A tantance kawunan sifika da batirin tocila. In aka taɓa wayoyin, takardar sifikar ta turo waje, to wayar da ke kan alamar tarawa ita ce ta tarawa. In aka juya ta ƙofa ɗaya, takardar wannan na shiga ta waccan na fita, sai kaurin sautin ya ɓace.
6. A mayar da ledar da ke tare ruwa, saboda ruwan damina na bin gilashi ya shiga ƙofa.

Kuskurena

Da maigidan ya gama ƙofar direba, sai na roƙe shi ya bar mini ɗayar. Na tsallake mataki na uku. Da muka zo sauke gilashi, sai ya cije a kan mayen ƙarfen da ke bayan sifikar.

"Oga, ya ƙi sauka," in ji ni.

"Malam, ai gaggawa aikin shaiɗan ce. Da ka matsa hannun, yau kawunka sai ya sayi gilashi."

Sai da ya yanko zoben katako ya ɗora sifikar a kai, ta ɗan turo waje, sannan gilashin ya wuce. Kawu ya yi asarar lodin rabin yini.

Abin Lura Ga Ɗalibin Harshe

Yawancin kalmomin da na tattaro aro ne daga Ingilishi, amma an yi musu kwaskwarima. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, sai ta saƙa wasali a tsakani: sifika, sukundireba, gilashi, filaya. Haka kuma tana mayar da sautin "p" ya koma "f", shi ya sa ake cewa Fijo da filaya. Kalmar rewaya kuwa a Ingilishi aikatau ce, amma a gareji sunan mai sana'ar ce. Sai mayen ƙarfe, wanda ba aro ba ne, ƙirƙira ce ta Bahaushe: abin da ke kama ƙarfe kamar yadda ake cewa maye na kama kurwa.

Kammalawa

Ina shawartar 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu da ba a Hausa aka haife mu ba, mu riƙa zuwa wajen masu sana'a da littafi da biro. Wanda zai taɓa aikin kuma, ya auna kafin ya yanka.