Aron Ɗan Wasa: Abin da Magoya Baya Ke Ji da Abin da Tsoka Ke Buƙata

Gabatarwa

A watan Janairun 2018 ƙungiyar Leicester ta ƙasar Ingila ta ba da aron Ahmed Musa ga tsohuwar ƙungiyarsa, CSKA ta birnin Mosko. A duk lokacin da irin wannan ya faru, magoya baya kan rabu gida biyu. Wasu su ce an wulaƙanta ɗan wasa, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wasu kuwa su ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Wannan darasi zai duba gardamar ta fuskar ilimin halittu.

Me ya sa abin ke sosa ran mai goyon baya?

Ɗan Adam halitta ce mai rayuwa cikin rukuni, kuma jikinsa yakan ɗauki nasarar rukuninsa tamkar tasa. A wani bincike da aka buga a 1998, masana a Amurka sun gwada yawun masu kallon wasan ƙarshe na Gasar Kofin Duniya ta 1994 tsakanin Barazil da Italiya. Sun tarar sinadarin testosteron ya ƙaru a jikin magoya bayan Barazil da ta yi nasara, ya kuma ragu a jikin na Italiya, alhali ba wanda ya taɓa ƙwallo a cikinsu. Saboda haka idan aka ɗauke ɗan wasan da mutum ke ƙauna, ɓacin ran da yake ji na gaske ne. Sai dai wannan ɓacin rai bai amsa tambayar da ta fi muhimmanci ba: wane hali jikin ɗan wasan ke shiga idan ya zauna ba ya wasa?

Tsoka da rashin aiki

Ƙa'idar jiki ita ce, abin da ake mora yana bunƙasa, wanda aka ajiye kuma yana komawa baya. Motsa jiki mai tsanani yana ƙara yawan jini da ƙarfin bugun zuciya. Yana kuma ƙara ƙananan jijiyoyin da ke kai jini cikin tsoka, da maitokondiriya, wato ƙananan sassan ƙwayar halitta da ke sarrafa abinci da iskar oksijin su zama kuzari. Jiki ba ya riƙe waɗannan a banza, domin riƙe su na da tsada.

A 1984 Edward Coyle da abokan aikinsa suka bibiyi wasu ƙwararrun 'yan tsere da suka daina atisaye. Cikin mako uku, yawan oksijin da jikinsu ke iya amfani da shi ya ragu da kashi 7 cikin ɗari. Bayan kwana 56 raguwar ta kai kashi 16.

Mai karatu zai ce, ai ɗan benci yana zuwa atisaye kullum. Haka ne, kuma shi ya sa nasa komabayan bai kai wannan ba. Amma a wasa ɗaya na minti 90 ɗan wasa kan ci tazarar kilomita 10 zuwa 12, cikinta har da gudun tsiya da tsayawa da juyawa ba shiri. Da wuya atisaye ya kwaikwayi wannan. Ƙwaƙwalwa ma tana buƙatar matsin wasa na gaske domin ta riƙa yanke shawara cikin ƙiftawar ido.

Misalai biyu

A rabin farko na kakar 2017/2018 kusan Ahmed Musa bai taka leda a Leicester ba. Da ya koma Mosko sai ya riƙa samun wasa. A watan Yunin 2018 ya jefa ƙwallo biyu a ragar Aisland a Gasar Kofin Duniya da aka yi a Rasha. Wasa ɗaya ba ya zama hujjar kimiyya, amma abin da ya faru ya dace da ƙa'idar da muka bayyana.

Victor Moses kuwa ya nuna mana ɗaya fuskar. Chelsea ta ba da aronsa sau uku a jere daga 2013 zuwa 2016: Liverpool, Stoke da West Ham. A Liverpool yawanci daga benci yake shigowa, wato an sauya masa riga amma matsalar tana nan. Sai a kakar 2016/2017, da Antonio Conte ya ba shi gurbi na dindindin, ya haskaka har Chelsea ta ɗauki kofin Firimiya.

Kammalawa

Aro shi kaɗai ba magani ba ne, kuma ba cin mutunci ba ne. Ma'aunin shi ne yawan mintocin da ɗan wasa zai samu a fili, domin rayuwarsa ta ƙwallo gajeruwa ce, kuma kakar da ta wuce a benci ba ta dawowa. Idan aka sake ba da aron gwaninka, kafin ka shiga gardama ka fara tambaya: zai yi wasa a can?